KAYAN AIKI: Zaɓen kan amfilifayar bes, a guji girman kai!

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin nan na Amurka mai suna 'Back to the Future', wanda ya fito a 1985, da wuya ya manta da yadda aka buɗe shi. Jarumin fim ɗin, Michael J. Fox, ya shiga gidan wani dattijo masanin kimiyya, ya tarar da wata jibgegiyar lasifika wadda ta fi shi tsawo. Sai gogan ya jona jitar sa, ya murɗe duk wani maɓalli har ƙarshe, ya gyara tsayuwa a gaban ta, ya kaɗa sau ɗaya tak. Nan take lasifikar ta tarwatse, ta yi jifa da shi can gefe, kanta ta rufto masa da tarkacen da ke kan ta.

'Yan kallo dai dariya su ke yi. To amma ga matashin da ya shekara ya na tara ɗan abin da ya samu don ya mallaki kayan kiɗa, wannan ba abin dariya ba ne. Ba a fim kaɗai lasifika ke yagewa ba, kuma ba a fim kaɗai amfilifaya ke tashi da hayaƙi a gaban jama'a ba. Bambancin kawai shi ne a fim akwai furodusa mai biya. A waje kuwa aljihun mai kaya ne zai yi kuka.

Shekara da shekaru waƙoƙin finafinan Hausa a kan fiyano su ka ginu, musamman ƙirar Yamaha. Mutum ɗaya a sutudiyo shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge. Wannan dum-dum ɗin da ke ƙasan waƙa, wanda ke sa ƙirji ya riƙa amsawa idan an saka ta a gidan biki, shi ma daga fiyanon ya ke fitowa. Sunan sa bes. Amma bes ya na da jitar sa ta musamman, mai dogon wuya da tsirkiya huɗu ko biyar masu kauri, kuma wanda ya taɓa jin ta a hannun gwani ya san ba ɗaya su ke da na fiyano ba. A Jamhuriyar Nijar an daɗe da sanin haka. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda har da Hausa ta ke waƙa, da jita da bes da ganguna ta yi suna. A Agadas kuwa kiɗan jita ya kai har an shirya fim a kan sa, wato 'Akounak Tedalat Taha Tazoughai' na 2015, wanda Mdou Moctar ya fito a matsayin jarumi.

Matashin da ya yi sha'awar bin wannan hanya, da zarar ya sayi jitar bes ɗin sa zai gano cewa ya sayi kurma ne: ba ta magana sai da amfilifaya. A nan ne kuma yawanci ake tafka asarar farko.

WAI MENE NE KAI?

Amfilifayar bes iri biyu ce. Akwai wadda aka haɗe komai a akwati ɗaya, injin da lasifikar, ana ce mata kombo. Akwai kuma wadda aka raba biyu: injin daban, akwatin lasifika daban. Injin, wanda ake ɗorawa a bisa akwatin, shi ake kira kai. Shi ke karɓar ɗan siririn sautin da ya fito daga jita, ya gyara shi, ya ƙara masa ƙarfi, sannan ya tura wa lasifika. Shi kan sa ba ya fitar da ko tari. Akwatin kuma ba ya motsi sai kai ya ba shi umarni.

Amfanin rabawar a fili ya ke. Idan ɗaya ya lalace ba a rasa duka ba. Mutum zai iya ɗaukar kan sa kawai ya tafi wurin wasan da akwai akwati, ko ya ƙara akwati na biyu ranar da Allah ya hore masa. Sai dai wannan 'yancin shi ne kuma tarkon. A kombo kamfani ya riga ya ɗaura auren inji da lasifika. A kai da akwati kuwa mai saye ne waliyyi, kuma idan ya haɗa auren da bai dace ba shi zai sha rigimar.

Saboda haka ba a zaɓen kai don kyan fuskar sa ko girman lambar da aka rubuta masa a goshi. Abu huɗu ne ke zaɓar wa mutum kai: akwatin da zai hau, wurin da za a yi wasa, wutar da zai sha, da kuma wanda zai gyara shi ranar da ya kwanta.

LAMBAR DA KE RUƊAR MUTANE

Tambayar farko da kowa ke yi a shago ita ce: wat nawa ne? Tambaya ce mai kyau, domin kuwa bes mayunwacin ƙarfi ne. Tsirkiyar da ta fi kauri a bes mai huɗu ta na girgiza sau 41 ne a daƙiƙa guda, rabin na jitar da aka saba gani, wadda ke yin 82. Ta biyar ɗin nan da ake ƙarawa ta na sauka har kusan 31. Kunnen ɗan'adam ba ya kama irin wannan sauti na ƙasa da sauƙi, kuma kafin lasifika ta fitar da shi sai ta tura iska mai yawa. Shi ya sa mai jita zai cika ɗaki da amfilifaya mai wat 50, amma mai bes da ke gefen sa da wat 50 sai dai a ga yatsun sa na motsi. Makaɗa su kan ce mai bes ya nemi ninki uku ko huɗu na abin da mai jita ke da shi.

To amma a nan gizo ke saƙar. Ninka wat ba ya ninka ƙara. Wanda ya tashi daga wat 100 ya koma 200, abin da ya ƙaru desibel 3 ne kacal, wato ɗan ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan wanda ya ƙara maƙudan kuɗi don ya bar mai wat 300 ya ɗauki mai 350, lamba kawai ya saya.

Akwai kuma ƙaryar kwali. Masu karatu za su tuna rediyoyin kaset da sidi da ake manna wa takarda mai ɗauke da wat dubu biyu ko uku, alhali ko tsakar gida ba su cikawa. Wannan lissafi ne na abin da inji zai iya yi na ƙiftawar ido kafin ya shiɗe, a kan rubuta masa PMPO ko Peak. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta wa RMS, wato ƙarfin da zai iya riƙewa ya na aiki. Kan da bai faɗi RMS ɗin sa ba, akwai abin da ya ke ɓoyewa.

To wat nawa ya isa? Mai koyo a ɗaki, wat 30 zuwa 50 sun ishe shi, kuma shi kombo ma ya fi dacewa da shi. Wanda zai yi atisaye ko wasa a zaure tare da mai ganguna ya nemi 200 zuwa 300. Wanda zai hau dandamalin gala ko biki a fili, 500 ba ta yi yawa ba, domin a fili babu bangon da zai dawo da sauti, bes watsewa ya ke yi kamar an zuba ruwa a rairayi. Hikimar samun rarar ƙarfi ba don a kurmantar da jama'a ba ce. Inji mai rara ya na aiki ne cikin natsuwa, sautin sa ya fito garau. Ƙaramin da aka murɗe har ƙarshe kuwa sai ya fara gurnani ya na yayyanka sautin, kuma wannan gurnanin ya na dafa koyil ɗin lasifika har ya ƙone.

AUREN KAI DA AKWATI

Lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce wadda ba a cika tambaya ba, wato om. A bayan kowane akwati an rubuta om ɗin sa, galibi 8 ko 4. A bayan kowane kai kuma, kusa da inda ake jona wayar lasifika, an rubuta mafi ƙarancin om da zai iya ɗauka, galibi 4, wasu ƙalilan 2.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne lissafin a juye ya ke. Ƙaramar lamba ita ce babban kaya. Akwati mai om 4 ya fi mai om 8 zuƙar wuta daga kai. Sannan idan an jona akwati biyu, om ba ya taruwa, raguwa ya ke yi, kamar famfo biyu da aka buɗe a kan tanki ɗaya. Akwati biyu masu 8 su na komawa 4. Biyu masu 4 su na komawa 2. Mai 8 da mai 4 kuwa su na ba da wajen 2.7.

A ɗauki misalin matashin da ya sayi kai mai ɗaukar om 4, ya na da akwatin sa mai om 4, komai lafiya lau. Ranar wasa ya ga taro ya yi taro, sai ya ari akwatin abokin sa, shi ma mai om 4, ya jona don ƙara ta ƙaru. Waƙar farko za ta yi daɗi ƙwarai. A ta uku, daidai lokacin da jaruma ta fito rawa, kan ya yi zafi kamar dutsen guga. In mai kariya ne, ya kashe kan sa ya bar dandamali tsit. In marar kariya ne, sai warin ƙauri. Ba maƙiya ba ne, ba kuma sammu ba ne. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ne kawai.

Haka kuma wat ɗin da aka rubuta wa kai ya danganta ne da om. Misali, Little Mark III na kamfanin Markbass na Italiya ya na ba da wat 500 a om 4, amma a om 8 wat 300 ya ke bayarwa. Wanda ya saye shi ya ɗora a akwati ɗaya mai om 8 kada ya ce an cuce shi. Hasali ma wannan ita ce dabarar mai ƙaramin ƙarfi: ya fara da akwati ɗaya mai om 8, ranar da ya samu hali ya ƙara na biyu irin sa. Lissafi ya koma 4, kai ya saki duk ƙarfin sa, ga kuma ƙarin lasifikun da ke tura iska. Wannan ƙarin akwati ya fi sauya kai tasiri a kunne nesa ba kusa ba. Wanda ya fara da mai om 4 kuwa ya rufe wa kan sa ƙofar ƙari, sai fa in kan na sa mai ɗaukar 2 ne.

A kuma tabbatar akwatin na bes ne. Lasifikar jita ko ta rediyon gida ba a yi ta don wannan turi ba, kwalin ta yagewa zai yi. Shi ma akwatin ya na da wat ɗin da zai iya jurewa, a duba kada su yi nisa da na kai. In aka ji ya fara wani ɓarɓar kamar ana kaɗa tsohon kwano, ya na roƙon a sassauta masa ne.

BAWUL, TARANSISTA KO ƊAN ƘARAMI?

Kawuna kashi uku ne, kuma kowanne da zamanin sa.

Na farko masu bawul, wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Su ne na asali. Bayan da Leo Fender ya fito da jitar bes ta Precision a 1951, a 1952 ya yi mata amfilifaya mai suna Bassman. Abin mamaki, masu jita ne su ka fi rungumar ta daga baya, har Jim Marshall na Ingila ya kwaikwayi tsarin ta ya yi amfilifayar sa ta farko a 1962. A 1969 kamfanin Ampeg ya fito da sarkin su duka, SVT, mai wat 300. Ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da shi a wannan shekara, zagayen da aka ɗauka a fim ɗin 'Gimme Shelter' na 1970. Har yau ana ƙera shi, kuma masana sun yarda sautin sa akwai kauri da zaƙi.

Amma kafin matashi ya ɗora ran sa a kai, ya ji sauran labarin. Kan kaɗai ya kusa kilo 40. Akwatin da aka yi masa, mai lasifika takwas, ya fi buhun siminti nauyi, har makaɗa na yi masa laƙabi da firji. Ba kayan da za a cusa a A Daidaita Sahu ba ne. Bawul kuma tsufa ya ke yi, dole a riƙa sauyawa, ga tsada, kuma masana'antun da ke yin sa a duniya 'yan kaɗan ne, a ƙasashe irin su Rasha da Sulobakiya da Sin. Ba ya son jijjigar hanya. Sannan doka ce babba: ba a kunna kai mai bawul a kaɗa ba tare da an jona masa akwati ba, domin taransifomar cikin sa na iya ƙonewa, kuma om ɗin akwatin dole ya yi daidai da ramin da aka jona.

Kashi na biyu masu taransista, irin tsofaffin Peavey da Hartke da Gallien-Krueger, wanda samfurin sa 800RB na 1982 ya yi tashe matuƙa. Nauyin su matsakaici ne, su na da juriya, ba su da shagwaɓa. Wasun su, kamar Hartke HA3500, an sa masu bawul ƙwaya ɗaya a gaba don ɗanɗano, ƙarfin kuma taransista ke bayarwa. Babbar falalar su ita ce ƙwararren mai gyaran rediyo zai buɗe ya gane abin da ke ciki, ya cire abin da ya mutu ya sa wani.

Kashi na uku su ne 'yan ƙananan zamani da ake rubuta wa Class D. Wani bai kai kilo 3 ba, zai shiga jakar goyo, amma ya na ba da wat 500 ko fiye. Ba su cika zafi ba, ba su cin wuta sosai. Su ne su ka mamaye kasuwa a yanzu, kuma ga mai yawo daga wannan biki zuwa wancan babu kamar su. Aibin su ɗaya: kayan cikin su ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a manne a fanel. In wuta ta buge su, sau da yawa ba gyara ake yi ba, fanel ɗin gaba ɗaya ake sauyawa, shi kuma sai an yi odar sa.

Ke nan kafin a biya kuɗi, a fara zuwa wurin mai gyara a tambaye shi wanne ya ke iyawa. Kan da babu likitan sa a gari, ranar da ya yi atishawa ya zama kujerar zama.

WUTAR DA ZAI SHA

Wannan babi ne da littafin kamfani ba ya damuwa da shi, amma shi ya fi kashe kaya a ƙasar Hausa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Da yawa daga kayan hannu da ke shigowa ta Legas, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, ba daga Turai su ke ba, daga Amurka su ke. Kan da aka yi don bolt 120, in aka soka shi a soket kai-tsaye, daƙiƙa guda ta isa. Don haka kafin a kalli gaban kai a fara juya bayan sa, a karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wayar wuta. Wani ya na da ɗan makunni na sauya 115 zuwa 230, a tabbatar ya na kan 230. Wanda ba shi da shi sai da taransifomar rage wuta, mai ƙarfin da ya zarce abin da kan ke ci, kuma ita ma kaya ce da za a riƙa ɗauka kullum. Ranar da aka manta ta, ko wani yaro mai son taimako ya jona ba da sani ba, shi ke nan.

Ko da bolt ya dace, wutar Nepa, kamar yadda har yau ake kiran ta duk da an daɗe da sauya sunan, ba ta da alƙibla. Janareto kuma ya na hawa ya na sauka, musamman ƙaramin nan na fanka da talbijin idan an haɗa masa fitilu da firjin lemo. Kuɗin sitabilaiza mai kyau wani ɓangare ne na kuɗin kai, a lissafa shi tun farko. Sannan a riƙe ƙa'ida: sai janareto ya tashi ya daidaita ake kunna kai, kuma kai ake fara kashewa kafin a kashe janareto, ƙarar sa na ƙasa.

Akwai wata ɗabi'a mai haɗari, ta karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, ko a tura wayoyi tsirara da tsinken ashana. Ƙafar nan ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. In babu ita, tsirkiyar ƙarfen da ke hannun makaɗi ita ce hanya. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Les Harvey, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea a gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirufon da wuta ta shiga. Wannan ba maganar kaya ba ce, maganar rai ce.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, kan da fankar sa ta mutu ba zai kai ƙarshen wasa ba. Ƙurar hunturu kuma ta na toshe ramukan iska ta shiga maɓallai. A bar masa sarari a baya, kada a ajiye shi a rana, in an gama a rufe shi.

A LEƘA ƘEYA

Fuskar kai ba ta buƙatar tarin maɓallai. Wanda aka rubuta wa Gain shi ke daidaita ƙarfin da ke shigowa daga jita, Master kuma shi ne ƙarar da ke fita. A ɗaga na farko har ɗan jan ƙwan gargaɗi ya fara ƙiftawa idan an kaɗa da ƙarfi, a ɗan rage, sannan a nemi ƙara da na biyu. Mai jitar da ke amfani da batir ya duba ko akwai ramin da aka rubuta wa Active, domin irin ta ta fi ƙarfin fita. Sai maɓallan sautin ƙasa da tsakiya da sama. Sabon shiga ya kan cika na ƙasa ya kashe na tsakiya. A ɗaki abin da daɗi, amma cikin ganguna da fiyano sai ya ɓace, domin sautin tsakiya shi ke sa a ji abin da yatsu ke faɗa.

A ƙeya kuwa akwai ramin da ya fi kowanne daraja ga mai mafarkin aiki a industiri: mai ƙafa uku irin na makirufo, an rubuta masa DI. Ta nan ake ɗaukar sautin bes a kai shi miksa kai-tsaye. A babban taro manyan lasifikun wurin ne za su ɗauki nauyin jama'a, akwatin makaɗi ya zama na jin kan sa kawai. A sutudiyo kuma, irin ƙananan ɗakunan da ke Titin Gidan Zu a Kano, ba sai an girgiza maƙwabta ba, waya ɗaya ta wadatar. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown, kuma fim ɗin 'Standing in the Shadows of Motown' na 2002 ya ba da labarin sa da abokan aikin sa, yawancin aikin sa na sutudiyo kai-tsaye aka ɗauke shi. In akwai ɗan makunni kusa da ramin mai suna Ground Lift, shi ke kashe gunjin nan da ke tasowa idan an haɗa na'urori biyu, ba tare da an taɓa ƙafar fulogi ba.

Wayar da ke tafiya daga kai zuwa akwati ita ma ta daban ce. Ta yi kama da wayar jita a ido, amma ta jita siririya ce a ciki, ba ta ɗaukar wannan ƙarfi, za ta yi zafi har ta jawo wa kan matsala. Mai ramin Speakon, wanda ake murɗawa ya kulle, ya fi aminci, domin ba ya fita in an taka waya.

RANAR CINIKI

Ko a Sabon Gari ne a Kano ko a kasuwar Alaba a Legas, kada mai saye ya tafi hannu rabbana. Ya tafi da jitar sa da wayar sa, in da hali da akwatin sa, da kuma wani wanda ya girme shi a harkar. Mai shago zai so a gwada minti biyu a kashe. A roƙe shi arziki a bar shi a kunne kamar rabin awa ana kaɗawa, domin ciwon da zafi ke tayarwa ba ya nuna kan sa da wuri.

A murɗa kowane maɓalli a saurari ƙarar ƙas-ƙas. A daina kaɗawa a ji ko akwai gunji. A sa hannu a baya a ji fanka na hura iska. A shinshina ramukan, hanci ba ya ƙarya game da abin da ya taɓa ƙonewa. A dubi kusoshin murfin ko sun sha sukudireba. A zaro fis a gani, in an naɗe shi da waya ko takardar sigari, to akwai dalilin da ya sa ya ke ta yankewa. A gwada ramin DI a miksa. Sannan a yi hattara da jabu: babban suna a kan farashin da ya yi araha fiye da kima, ba lambar kamfani a baya, rubutu a karkace. Araha dai ba ta ado. A ƙarshe a yi yarjejeniya a rubuce a kan rasit cewa in ya ba da matsala cikin kwana kaza za a dawo da shi.

Kuma kada a zuba duk kuɗin a kai a bar akwati da abin da ya rage. Matsakaicin kai a kan akwati mai kyau ya fi kai na alfarma a kan akwatin da kafinta ya harhaɗa da lasifikar mota.

Wanda ke da akwati mai om 8, ya na wasa a bukukuwa da janareto, ba shi da mota, amsar sa ta fito da kan ta: kai mai taransista ko ɗan ƙaramin zamani, wat 300 zuwa 500 na gaskiya, mai ɗaukar om 4, mai shan bolt 230, mai ramin DI, da sitabilaiza a gefe. Ba zai burge 'yan kallo da girma ba. Amma ranar gala, lokacin da aka kai waƙa ta goma jama'a na ta liƙi, shi ya na nan ya na aiki, kuma washegari mai shi zai tashi da kayan sa da mutuncin sa.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai, filin zai leƙa cikin akwatin kan sa: lasifika mai inci 10 ko mai inci 15, wacce ta fi dacewa da kiɗan Hausa? Allah ya ba mai rabo sa'a.